Dunhuwang, tsohuwar gunduma a bakin hamadar ƙasar Sin

 

Yau za mu yi tafiya mai nisa, har ƙasar Sin, ƙasar Shinuwa. In an ambaci ƙasar Sin, abin da ke zo ma mutum a rai shi ne shinkafa da ruwan sama da yawan jama'a. Gabas da kudancin ƙasar haka suke. Amma arewa maso yamma hamada ce, rairayi da tsakuwa da duwatsu. A can, cikin jahar Gansu, akwai wata tsohuwar gunduma mai suna Dunhuwang. An kafa ta shekara 111 kamin haifuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ke nan ta haura shekara 2,100. Har yanzu akwai mutane cikinta, suna noma, suna cin kasuwa.

Ga tambayarmu ta yau: yaya gari ya daɗe haka a wurin da ruwan sama kusan babu shi? Ku biyo mu sannu-sannu.

Yadda ƙasar take

Ruwan saman da ke sauka a Dunhuwang cikin shekara guda bai wuce milimita 40 da ɗan wani abu ba. Wannan bai kai kashi 1 cikin 10 na abin da Maraɗi ke samu a damina mai kyau ba. Rana da iska kuwa suna iya shanye ruwan da ya ninka wannan sau 50, ko fiye. Da bazara akwai zafi ƙwarai. Da ɗari sanyi na yin tsanani har ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara.

To, daga ina manoma ke samun ruwa? Kudu da garin akwai manyan duwatsu masu tsawo, ana ce da su Ciliyan. Sanyi ya sa ƙanƙara na taruwa a kansu, fara fat kamar abduga. In zafi ya shigo sai ta narke, ruwan ya gangaro. Shi ne ke zama gulbin Dang. Gulbin na fitowa daga cikin duwatsu, ya bazu a fili, ya jiƙa ƙasa. Inda ruwan ya kai, nan ake shuka. Inda ya tsaya, nan hamada ta soma. Irin wannan wuri mai ruwa da itatuwa a tsakiyar hamada shi ake kira dausayi. Dausayin Dunhuwang bai kai kashi 1 cikin 10 na faɗin gundumar ba.

Arewa da garin akwai wani gulbi kuma, sunansa Shule. Yamma akwai fadama mai kara da ƴan itatuwa masu jure gishiri. Bayan fadamar sai hamadar Kumtag. Fadamar nan ita ce katanga tsakanin gari da rairayi. A can ake samun raƙuman daji. Raƙuman wannan ƙasa ba irin namu ba ne: tozo biyu gare su, da gashi mai kauri saboda sanyi.

Yadda aka kafa gundumar

Da fari makiyaya ke da ƙasar. Masu ƙarfi cikinsu su ne Shiyongnu, mahaya dawaki, gwanayen harbi da baka. Sun daɗe suna kai ma Shinuwa hari. Sarkin Sin na zamanin, mai suna Wudi, na gidan sarautar Han, ya gaji da wannan hali. A shekara 138 kamin haifuwar Annabi Isa ya aiki wani bafade, Jang Ciyan, ya je yamma ya nemo masa abokan yaƙi. Shiyongnu suka kama shi a hanya, suka riƙe shi kamar shekara 10. Ya gudu, ya ci gaba da tafiyarsa. Sai bayan shekara 13 ya komo gida. Ya tashi da mutum fiye da 100, amma cikinsu mutum ɗaya tak ya komo tare da shi.

Abokan yaƙi bai samo ba, amma ya kawo labari. Ya ce a yamma akwai birane da kasuwanni da inabi da dawaki na ƙwarai. Sarki ya ƙudura sai ya buɗe hanya. A shekara 121 kamin haifuwar Annabi Isa sojojinsa suka kori Shiyongnu daga wani dogon zirin ƙasa da ke tsakanin duwatsu da hamada. Tsawon zirin ya kai kilomita 1,000. Aka kafa gundumomi 4 a kansa. Dunhuwang ce ta ƙarshe daga yamma.

Ƙasa ba ta riƙuwa da soja kaɗai, don soja sai ya ci. Kawo hatsi daga nesa kuwa tsada gare shi. Saboda haka aka ba sojoji fartanya tare da makami. Suka haƙa hanyoyin ruwa daga gulbi, suka shuka gero da alkama. Aka kuma kwaso talakawa daga cikin ƙasa aka zaunar da su nan. A ƙidayar da aka yi shekara ta 2 bayan haifuwar Annabi Isa, gundumar tana da gida 11,200 da mutum 38,335.

Ganuwa da gidan saukar manzanni

Arewa da yamma da dausayin an gina ganuwa. Babu dutsen gini a kusa, sai aka yi da abin da ke akwai. A shimfiɗa karan fadama, a zuba tsakuwa da ƙasa, a daddaɓe, a sake shimfiɗa kara. Saboda ƙarancin ruwan sama, wasu sassan ganuwar suna nan tsaye har yau. An kuma gina hasumiyoyi, kowace tana hangen ƴar'uwarta. In masu gadi sun hango abokan gaba da rana, sai su tada hayaƙi. In da dare ne, su kunna wuta. Haka labari ke gudu ya riga doki.

Gabas da garin, kamar kilomita 60, akwai gidan saukar manzanni mai suna Shuwancuwan. Masu binciken kayan da sun tone shi daga 1990 zuwa 1992. Suka samu tsinkayen itace fiye da dubu 20 masu rubutu a kansu. A zamanin takarda ba ta yawaita ba, a kan itace ake rubutu da tawada. Ma'aikatan gidan suna rubuta komi: wa ya sauka, yaushe ya tashi, kaji nawa aka yanka masa, hatsi nawa dokinsa ya ci.

Har da ƙara aka samu. A shekara 39 kamin haifuwar Annabi Isa, manzannin sarkin Kangju, wata ƙasa ta yamma, sun kawo ma sarkin Sin kyautar raƙuma. Suka kai kuka cewa ma'aikatan hukuma sun duba raƙuman ba a gabansu ba. Raƙuma masu ƙiba an rubuta su ramammu. Farare an rubuta su da wani launi. Duk wanda ya taɓa kai dabba kasuwa ya san zafin wannan. Rubutu ne ya sa kukansu ya iso gare mu.

A jikin bangon gidan kuma an samu dokar sarauta ta shekara ta 5 bayan haifuwar Annabi Isa. Dokar ta bi watanni ɗaya-ɗaya, ta faɗi abin da aka hana da abin da ya wajaba. In sanyi ya wuce, itatuwa suka soma toho, an hana sare itace. An hana kwashe sheƙar tsuntsu da ƙwai. An hana kashe dabba mai ciki. An hana ƙona daji da ƙafar da tabki. An kuma umurci jama'a su gyara madatsai, su yashe hanyoyin ruwa. An rubuta ta a bango ne don duk mai wucewa ya gani.

Zangon ayari

Yamma da Dunhuwang akwai babbar hamada mai suna Taklamakan. Ayari ba ya ratsa tsakiyarta, sai ya zagaya ta arewa ko ta kudu. Hanyoyin nan biyu a Dunhuwang suke rabuwa, kowace da ƙofarta da masu gadinta. Ƙofar Yumen ta arewa ce, ƙofar Yang ta kudu. Duk madugun da zai fita, nan zai cika salkunansa, ya sayi guzuri, ya nuna takardar izini.

Daga Sin ana fitar da alharini, wato siliki, da takarda. Daga yamma ana shigo da dawaki da turare da duwatsu masu tsada. Alharini ya yi daraja har ana biyan soja albashi da shi. Shi ya sa daga baya Turawa suka raɗa ma hanyar suna Hanyar Siliki.

Cikin manyan fataken hanyar akwai mutanen Samarkand da kewayenta. Wajen shekara 313, wata jakar wasiƙunsu ta ɓace a wata hasumiya yamma da gari. Ba a gan ta ba sai 1907. Biyu daga cikin wasiƙun na wata mata ce mai suna Miwnai. Mijinta ya kawo ta Dunhuwang ita da ɗiyarta, ya tafi ya bar su shekara 3 ba kuɗi, ba mai maida su gida. Ta aika ma uwarta wasiƙa ɗaya, ta aika ma mijin ɗaya, tana faɗin talaucin da suka shiga. Wasiƙun ba su isa ba. Amma bushewar ƙasar ta hana su ruɓewa, har aka karanta su bayan shekara kusan 1,600.

Kogwannin Mogau

Ayari ba kaya kaɗai yake ɗauka ba. Ta wannan hanya addinin Buda ya shigo Sin daga Indiya. Kilomita 25 kudu maso gabas da gari akwai wata doguwar gaɓar dutse a bakin ƙorama. A shekara 366 wani mai bautar wannan addini ya sassaƙa kogo a jikinta don ibadarsa. Wasu suka biyo baya. Sarakuna da attajirai da ƙungiyoyin talakawa suka dinga biyan magina da masu zane. Aka yi shekara kusan 1,000 ana wannan aiki. Wurin shi ake kira Mogau.

Yau akwai kogo 492 masu zane da mutum-mutumi. Mafi girman mutum-mutumin ya kai mita 35 da rabi, an yi shi a 695. Zanen ba na addini ba ne kaɗai. A ciki ana ganin manomi da shanun huɗa, da masu sussuka, da bikin aure, da ƴan fashi sun tare fatake. Mai kallo na ganin yadda mutanen da suka zauna.

Mulki ya yi ta canza hannu. Mutanen Tibet sun ci garin a ƙarshen ƙarni na 8. A 848 wani ɗan gari mai suna Jang Yicau ya tara jama'a ya kore su. Mongol sun ci garin a 1227. Duk wanda ya zo bai kashe hanyoyin ruwa ba, don shi ma da su zai ci.

Lokacin da aka bar garin

Sannu a hankali jiragen ruwa suka ƙwace cinikin. Kaya suka koma bin teku, ayari ya ragu. A 1524 sarakunan gidan Ming suka rufe ƙofar ganuwarsu ta yamma, suka bar Dunhuwang a waje. Manoma suka yi ƙaura. Shekara kusan 200 gonaki suka zama makiyaya. Hanyoyin ruwa suka cike, rairayi ya toshe bakin kogwanni da yawa. Gulbin Dang bai ƙafe ba, masu gyara ne babu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga 1725 sarakunan gidan Cing suka sake raya wurin. Suka gina sabon gari a gabashin gulbi, suka kawo gida fiye da 2,000 daga sassan Gansu. Aka sake haƙa hanyoyin ruwa. A 1760 aka maida ma gundumar tsohon sunanta.

Ɗakin takardu

A 1900 wani mai kula da kogwannin, Wang Yuwanlu, yana kwashe rairayi, sai aka ga tsaga a bangon wani kogo. Da aka fasa, sai ga ƙaramin ɗaki cike da takardu naɗe-naɗe, wajen dubu 50. An toshe ɗakin tun wajen shekara 1000. Babu danshi, shi ya sa ba su lalace ba.

Labari ya kai Turai. Orel Sitain ya zo a 1907, ya ba Wang kuɗi kaɗan, ya kwashi dubbai zuwa Ingila. Pol Peliyo, Bafaranshe, ya zo a 1908, ya zaɓi masu daraja ya kai Pari. Sai a 1910 hukuma ta kai mafi yawan sauran Bejin. Har yau Shinuwa na jin zafin wannan hasara. Cikin abin da ke Landan akwai wani littafin addinin Buda da aka buga a 868. An sassaƙa rubutun a kan allon itace, aka shafa tawada, aka danna takarda. Shi ne mafi tsufan bugaggen littafi cikakke mai ɗauke da ranar bugunsa.

Mafi yawan takardun na addini ne. Amma akwai takardun bashin hatsi, da na hayar raƙumi, da na gado. Akwai na ƴan makaranta masu koyon rubutu, sun maimaita harafi ɗaya sau da yawa, hannu na rawa. Akwai kuma waɗanda suka amsa tambayarmu ta yau, wato takardun rabon ruwa.

Ɗaya ta jera hanyoyin ruwan gundumar, ta faɗi wadda za ta fara sha da wadda za ta biyo baya. Kowace hanya da shugabanta. Manoman da ke sha daga hanya ɗaya kuma suna da ƙungiya. In madatsa ta karye, sai a rubuta takardar kira da sunayensu duka. A faɗi wuri da lokaci, a faɗi abin da kowa zai kawo: gatari, shebur, dauren ƙaya, rassan itace. A ce ƙarfafa ake so, kada a turo yaro. Wanda ya makara bulala, wanda bai zo ba hukunci mai tsanani. Takardar na zagayawa gida-gida. Kowa ya gani sai ya sa alama kusa da sunansa, ya miƙa ma na gaba. Da irin wannan gayya garin ya rayu.

Tabkin jinjirin wata

Kilomita 6 kudu da gari akwai manyan tuddan rairayi. In mutane suna gangarowa daga kansu, rairayin kan yi ƙugi kamar ganga. A tsakiyarsu akwai ɗan tabki mai siffar jinjirin wata. Ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa. Tun zamanin da yana nan, rairayi bai binne shi ba, domin iskar kwarin tana maida rairayin sama.

Abin da rairayi ya kasa yi, mutane sun kusa yi. Wajen 1950 mutanen Dunhuwang ba su kai dubu 40 ba. A ƙidayar 2020 sun haura dubu 180. Cikin shekarun 1970 aka datse gulbin Dang da baraji. Aka buɗe sababbin gonaki, aka shuka abduga mai yawa, ita kuwa mai shan ruwa ce. Ruwan gulbi bai isa ba, sai aka haƙa rijiyoyi, aka sa injin ban ruwa. Amfanin gona ya ƙaru, kuɗi ya shigo.

Amma ku lura: ruwan rijiya da ruwan gulbi tushensu ɗaya. Gulbi ne ke tsiyaya ƙasa ya ciyar da rijiya. An tare shi daga sama, ana zuƙarsa daga ƙasa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta nisa. A 1960 wuri mafi zurfi a tabkin ya kai mita 7 da rabi. Cikin shekarun 1990 zurfin tabkin ya koma kamar mita 1. Gulbin Dang ya daina kaiwa Shule. Fadamar yamma ta soma bushewa, itatuwanta na mutuwa, hamadar Kumtag na gurgusowa.

Abin da aka yi

Cikin shekarun 2000 hukuma ta kafa doka uku: ba a buɗe sabuwar gona, ba a haƙa sabuwar rijiya, ba a kawo sababbin mazauna. Aka rufe wasu rijiyoyin. Aka shafe hanyoyin ruwa da siminti don rage tsiyaya. Aka koya ma manoma ban ruwa ɗigo-ɗigo ta cikin ƴan tiyo, kai tsaye ga saiwa. Wasu suka rage abduga suka koma inabi. Dokokin sun yi ma mutane nauyi, musamman mai ƴaƴa da yawa da ke son ƙarin gona. A 2011 gwamnatin ƙasa ta amince da wani babban tsari na shekara 10, wanda ya ware ma fadamar yamma nata kason ruwa. Kamin 2020 ruwa ya sake bin tsohon kwarin Shule. Tabkin jinjirin wata shi ma ya ƙaru, amma da taimakon mutane: ana zuba ruwa a wurare kusa da shi don ya tsiyaya ƙasa ya ciyar da shi.

A Mogau kuma, tun 1944 akwai ma'aikata masu tsaron kogwannin. A bisa gaɓar suna binne tattaka cikin rairayi layi-layi, gida-gida, kowane gida kamar mita 1. Tattakar na karya ƙarfin iska, rairayi ya tsaya. Sun kuma dasa itatuwa. A 1987 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya. Ana ƙayyade yawan masu shiga kowace rana, domin danshin numfashin mutane na ɓata zanen.

Jama'a, ga amsar tambayarmu. Ruwan Dunhuwang kaɗan ne tun asali. Lokacin da aka raba shi da awo, aka gyara hanyoyinsa tare, garin ya zauna. Lokacin da aka bar gyara, rairayi ya shigo. Lokacin da aka ɗiba fiye da abin da duwatsu ke bayarwa, tabki ya soma ƙafewa. Mun san duk wannan ne domin mutanen sun rubuta.

Ga tambayoyin da za ku tattauna tare da malaminku:

1. Daga ina gulbin Dang ke samun ruwansa?
2. Me ya sa aka ba sojojin Han fartanya?
3. Me ake rubutawa cikin takardar kiran gyaran madatsa?
4. Yaya rijiyoyi masu inji suka rage ruwan tabki?
5. A garinku, wa ke kula da rijiya ko tabki, kuma an rubuta dokar?